Watan Rage Tarkace: A Ɗauki Watan, A Bar Ƙidayar

Kwanakin baya na kalli wani bidiyo a intanet da ya tsaya mini a rai. Wata mata ce ta zazzage durowa a kan tebur tana ƙirga abin da za ta zubar: murfin biro, igiyar takalmi, tsofaffin rasit, maɓallan riga. Ɗaya bayan ɗaya take jerawa har ta kai 28, sai ta ɗaga hannu tana murna, wai ta cika adadin ranar. A bayanta kuwa ga kwalaye nan an jibge har sun tare rabin taga, ko waiwayarsu ba ta yi ba.

Ƙalubalen nan na wata guda take yi, wanda ake ta yayinsa. Ranar farko ka fitar da abu 1 daga gidanka, ta biyu 2, ta uku 3, haka har ranar 30. Wasu Amurkawa biyu, Joshua Fields Millburn da Ryan Nicodemus, waɗanda aka fi sani da The Minimalists, su suka yaɗa wannan salo, kuma a ƙa'idarsu dole kayan kowace rana su bar gidan kafin ƙarfe 12 na dare. Wanda ya kai ƙarshe ya rabu da abu 465 ke nan. Akwai masu wani salon, suna bin gida ɗaki-ɗaki ko su ware 'yan mintoci kullum, amma mai ƙidayar shi ya fi tashe.

Ga matsayina tun da wuri. Ina goyon bayan mutum ya ware wata guda don rage kayan da suka cika masa gida, kuma ina ganin gidaje da yawa suna bukatar hakan. Ƙidayar ce ban yarda da ita ba, domin ɓata aikin take yi. Abin da ya kamata a duba a ƙarshen watan shi ne hannun wa kayan suka faɗa, da kuma me ya shigo gidan yayin da ake ta fitarwa.

Amfanin watan

Kowane tarkace da ke gida shawara ce da aka ɗage. Takalmin da ya matse ka, ka ce bari dai ka gani. Fankar da ta tsaya, ka ce za a kai wa mai gyara. Cajar wayar da wayar tata ta daɗe da mutuwa, ka jefa durowa. Babu wanda ya zauna ya ƙudura zai cika ɗakinsa da komatsai. "Sai gobe" ce ta taru.

Rabuwa da abu kuma yana da wuya fiye da yadda muke zato, kuma ba rowa ce kawai ke jawo hakan ba. A wani gwaji da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990, an raba wa rabin ɗaliban wani aji a Jami'ar Cornell kofin shayi, sauran ba a ba su ba. Da aka ce a yi ciniki, waɗanda aka ba kofin sun nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofin da bai yi awa guda a hannunsu ba ke nan. To ina ga rigar da ta shekara goma a akwatinka? Da zarar abu ya zama naka, darajarsa ta ƙaru a idonka, kai kaɗai.

Shi ya sa aikin rana ɗaya ba ya kai ko'ina. Da safe ka zazzage komai a tsakar ɗaki da ƙarfinka, kafin la'asar kanka ya ɗau zafi da yanke shawara, sai ka tattara ka mayar, wani lokaci ma ya fi da hargitsewa. Wata guda yana raba nauyin. Yau durowa ɗaya, gobe ƙarƙashin gado, jibi saman kabad. Kuma yana da ranar ƙarewa, abin da "wata rana zan gyara" ba ta taɓa samu ba.

Masu cewa ai tarkace ba ya cizo, a bar kowa da kayansa, su ma su duba wannan. Masu bincike na Jami'ar UCLA sun shiga gidajen iyalai 32 a birnin Los Angeles a farkon shekarun 2000, suna ɗaukar hoto suna ƙirga kaya. A kusan kashi uku cikin huɗu na gidajen, mota ba ta iya shiga gareji saboda shirgi. Daga cikin wannan aikin ne Darby Saxbe da Rena Repetti suka wallafa a 2010 cewa matan da ke siffanta gidajensu da cunkoso da ayyukan da ba a ƙarasa ba, sinadarin damuwa na kotisol ba ya sauka a jikinsu da yamma yadda ya kamata. Binciken ƙarami ne, kuma na mutanen wuri ɗaya. Amma duk wanda ya taɓa neman takarda mai muhimmanci cikin tulin kaya, ga lokaci yana ƙurewa, ya san abin da ake nufi.

Inda ƙidaya ke ɓata aiki

A ɗauki lissafin kansa. Makon farko gaba ɗaya abu 28 ne. Kwana 10 na ƙarshe kuwa abu 255 ne, fiye da rabin jimlar. Wato a lokacin da gida ke cike da abubuwan da ba su da wuyar rabuwa, ɗaya ko biyu ake nema a wurinka. A lokacin da masu sauƙin suka ƙare, sai masu nauyi a zuciya suka rage, a nan ne ake cewa ka kawo 27, gobe 28, jibi 29, kuma kafin tsakar dare.

Abu biyu ke biyo baya. Ko dai mutum ya koma ƙirga maɓalli da murfin biro don ya cika adadi, manyan kayan da suka tare masa hanya suna nan daram, ko kuma ya shiga jefar da abu mai amfani cikin gaggawa don kada a ce ya gaza. A wannan lissafin, firjin da ya mutu yana cin kusurwa guda ta ɗaki abu 1 ne, allurar da ta karye ita ma 1 ce.

Ƙa'idar tsakar daren ita ta fi damuna. Na fahimci dalilinta: buhun da aka ɗaure aka ajiye a bakin ƙofa yakan yi watanni a nan, har a fara kwance shi ana zaro abu. Amma wa zai samo mai bukatar abu 29 daban-daban a yini ɗaya, bayan ya dawo daga aiki? Wanda agogo ke kora bola zai nufa, don ita ce kullum a buɗe.

"Ajiya maganin wata rana"

Wannan karin magana ita ce hujja mafi ƙarfi da masu sukar ƙalubalen ke kawowa, kuma ba na son a yi mata gaggawa. Mai hali ne ke iya zubar da abu yau, in bukata ta taso gobe ya sayi sabo. Wanda samunsa bai taka kara ya karya ba, tsohuwar fankar da ya ajiye ita ce za ta ba shi abin gyaran sabuwar. Kayan yayan da aka ninke su ne na ƙane. Kwalabe da robobin da wani ke gani shara, su ne mazubinsa. Masu yin bidiyo a ɗakuna fes-fes ba su cika faɗin cewa aljihunsu ne ya ba su wannan damar ba, kuma rashin adalci ne a sa talaka ya ji kunyar tattalinsa. Mutanen da suka taso cikin rashi, ko suka taɓa rasa komai a gobara ko ambaliya ko gudun hijira, riƙon da suke yi wa kaya yana da tarihi. Ba a yi musu dariya.

Duk da haka, sai a tambaya: mece ce ajiya? Ajiya ita ce abin da ka san kana da shi, ka san inda yake, kuma ranar da ka ɗauko shi zai yi aiki. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, to ba maganin wata rana ba ne kuma. Sau nawa mutum ke sayen sabon almakashi ko kwan fitila ko igiyar caji alhali yana da biyu a gida, ya rasa inda ya sa su? Wanda ba shi da kuɗin sayen abu sau biyu shi ya fi kowa bukatar sanin abin da ya mallaka.

Kuma kaya ba sa jiranmu. Roba tana bushewa ta tsage. Batir yana zubar da ruwa ya cinye cikin tocila. Fenti yana daskarewa a gwangwani. Takalmin da aka daɗe ba a sa ba, ranar da aka sa shi sai tafin ya ɓare. Tufafin da aka danne a ƙasan akwati, danshi da asu da ɓera sun riga ka amfana da su. Rigar yaro da aka ajiye shekara takwas don wanda ba a haifa ba tukuna, a cikin shekarun nan da yara uku sun sa ta sun girma. Wannan shi ne abin da ke ba ni takaici: abin yana da amfani a ranar da aka ajiye shi, ajiyar ce ta kashe shi, ba wanda ya mora.

Saboda haka ga mai ƙaramin ƙarfi, watan nan ba sai ya zama na zubarwa ba. Zai iya zama na bincike da gyara. A fito da komai a gani. Abin da ke bukatar ɗinki a kai wa tela cikin makon, abin da ke bukatar mai gyara a kai masa, in ya ce ba ya gyaruwa to an huta da jira. Kusoshi da ƙananan ƙarafa a haɗa su wuri ɗaya. Wanda ya gama watansa da abu 40 kacal a waje, amma fankarsa tana juyawa kuma ya san inda takardunsa suke, a wurina ya fi mai 465 cin nasara.

Ina kayan ke zuwa?

Wasu na cewa wannan duk kwashe shara ce daga ɗakinka zuwa ɗakin wani. Suna da gaskiya fiye da yadda masu ƙalubalen ke so su yarda.

Kasuwar Kantamanto da ke Accra a Ghana tana karɓar gwanjo kimanin miliyan 15 a kowane mako, mafi yawa daga ƙasashen da mutane ke zuba tufafi a akwatunan taimako su tafi da zuciya fara. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a kasuwar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikin dilolin shara yake zama, ya toshe magudanai ya kwanta a bakin teku. A hamadar Atacama ta ƙasar Chile, kusa da tashar ruwa ta Iquique, akwai tsaunukan tufafin da aka jibge. Kayan lantarki ma haka: rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce an samar da sharar lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba aka tabbatar an tattara an sake sarrafa shi yadda ya dace.

Wannan ba dalilin ci gaba da zama da tarkace ba ne. Abin da ya lalace a ƙarƙashin gadonka ya riga ya zama shara, gidanka ne kawai jujinsa. Dalili ne na yin aikin a tsanake, wanda kuma shi ne ƙidaya ke hanawa.

Rigar da ta yage ta koɗe, wadda kai ba za ka iya fita da ita ba, kada ka kira ta kyauta. A yanka ta a yi tsumman goge-goge. Wadda ke da sauran kyau a wanke ta, a ninke, a tambayi wanda za a ba ko yana so kafin a kai masa. Tambayar nan tana da muhimmanci. Mutane da yawa na karɓar buhun kaya don kunya, su ma ya zame musu nauyi. Mabukaci yana da mutunci, kuma yana da ikon cewa a'a.

Akwai kuma abin da ba a jefawa haka kawai. Batirin waya da na kwamfuta kan kama da wuta in aka matse su cikin shara. Tsohuwar waya sai an goge hotuna da saƙonni da bayanan banki kafin ta bar hannu. Ragowar magani ba a yin alheri da shi, ko da bai lalace ba, domin abin da likita ya rubuta wa wani ba na wani ba ne. Takardu kuwa ɗaya bayan ɗaya ake dubawa. Cikin tulin tsofaffin rasit ne takardar haihuwa ko shaidar mallaka ke ɓuya, kuma wanda ke sauri ya cika 30 kafin dare ba zai tsaya karantawa ba.

Kayan da ba naka ba

A nan ne na fi ganin ɓarna. Mutum ɗaya ne ya ɗauki ƙalubale, amma gidan na mutum shida ne. Kayansa sun ƙare a rana ta 15, sai ido ya koma kan na matarsa, ko na mijinta, ko na yara, ko na tsohuwar da ke zaune tare da su. A faki idon mai abu a fitar. Wannan cin amana ne, ko da an sa masa sunan tsabta. Wanda aka yi wa haka ba ya koyon rage kaya, ɓoyo yake koya.

Yara ma a tambaye su. Motar wasan da tayarta ta cire, wadda babba ke gani shara, wataƙila ita ce yaron ya fi so. A zauna da shi ya zaɓa da kansa, ko da uku kawai zai iya saki.

Kayan mamaci kuwa ba su da wuri a cikin wannan wasa sam. Da farko akwai haƙƙin magada. Bayan haka akwai zuciyar da ba ta gama jimami ba, wadda ba a yanka mata wa'adi.

Sai kuma mutanen da lamarinsu ya wuce sakaci. Wanda kaya suka hana shi kwanciya a gadonsa ko girki a kicin ɗinsa, kuma ya shiga tashin hankali in an taɓa ko da tsohuwar jarida, wannan larura ce da likitoci suka sani. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware ta a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. In dangi suka taru suka kwashe masa ɗaki da ƙarfi, yawanci ɗakin sake cika yake yi, yarda kuma ta tafi. Irin wannan mutum likita yake bukata da haƙurin 'yan uwa.

Wata ɗaya ba ya canza hali

Haka ne, kuma kada wanda ya yaudari kansa. A binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a University College London kan mutum 96, wanda aka wallafa a 2009, sabon hali ya ɗauki kimanin kwana 66 a tsakaice kafin ya zama jiki, wasu 18 ya ishe su, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254. Kwana 30 bai kai ba. Wani abin da suka gano, wanda ya kamata mai ƙalubale ya riƙe, shi ne tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Wanda ya fasa ranar 12 saboda rashin lafiya ko baƙi ya ci gaba ranar 13, ba sai ya ce ya faɗi ba.

Amma watan yana iya nuna wa mutum abin da bai taɓa lura da shi ba, wato hanyar da kaya ke bi su shigo. Kana kwarfe ruwa daga ɗaki alhali famfo a buɗe yake, aikin banza kake yi. Wanda ya riƙe kayansa ɗaya bayan ɗaya tsawon makonni zai fara ganin salon sayayyarsa. Ga riguna uku iri ɗaya da aka saya don an yi rangwame. Ga na'urar da aka gani a talla da tsakar dare aka yi oda, aka yi amfani da ita sau biyu. Ga abin da aka karɓa don kawai kyauta ne. Ga wanda aka saya ranar da rai ya ɓaci.

Wani tarkon yana nan a tsakiyar aikin kansa. Da zarar mutum ya fara gyara, sai a fara tallata masa akwatunan roba da kwanduna da kantoci na shirya kaya. Ya fita don rage kaya, ya dawo da ƙari. Akwatin ajiya ba ya rage komai, ɓoye tarkace yake yi cikin tsari. Kada a sayi ko ɗaya sai an gama fitarwa, a lokacin ma sau da yawa za a tarar akwatunan da aka zazzage sun isa.

Don haka da ni ke tsara ƙa'idar, ga abin da zan sa a madadin adadi. Kafin ranar farko, a san wanda zai karɓi tufafi, da mai sayen tsofaffin ƙarafa, da mai gyara, a kuma tsayar da rana ɗaya a kowane mako da kaya za su bar gida. A fara da wuraren da ba su taɓa zuciya, kamar banɗaki da durowar wayoyi, a bar hotuna da wasiƙu zuwa ƙarshe, in ma ba a kai gare su ba babu laifi. Sannan a tsawon watan kada a sayo komai sai abin da ake ci ko yake ƙarewa, kamar sabulu da magani. Duk abin da rai ya biya, a rubuta shi a takarda tare da kwanan wata. In watan ya ƙare a ɗauko takardar a karanta. Abin da har yanzu ake bukata a je a saya, bayan an san gurbin da zai zauna a gidan.